Dungeons & Dragons: Yadda kyautar da kamfani ya yi a 2000 ta gagare shi karɓewa a 2023

A ranar 5 ga Janairun 2023, shafin labaran fasaha na Gizmodo da ke Amurka ya wallafa wani rahoto da ya hana masu buga littattafan wasanni da dama barci.

Rahoton ya kwarmata daftarin wani sabon lasisi da kamfanin Wizards of the Coast ke shirin fitarwa, wanda zai soke iznin da ya bai wa jama'a tun shekarar 2000 na amfani da ƙa'idojin wasansa mai suna Dungeons & Dragons ba tare da biyan ko sisi ba.

A tsawon shekara 22 da aka yi ana cin moriyar wannan izini, ɗaruruwan ƙananan kamfanonin ɗab'i sun kafu a kansa, kuma marubuta da masu zane da yawa da shi suke ci da iyalansu. Soke shi tamkar janye tabarma ce a ƙarƙashin mutanen da suka daɗe da zama a kai.

Kwana 22 bayan fitowar rahoton, kamfanin ya janye shirin gaba ɗaya, har ya ƙara da sakin ƙa'idojin ta hanyar da ba zai sake iya karɓe su ba. Dambarwar ta sake taso da tambayar da masu wannan sana'a suka daɗe suna muhawara a kai: idan aka bar kowa ya kwafi abin da ka wallafa, ya raba shi kyauta, me zai rage maka ka sayar?

Wane irin wasa ne wannan?

Dungeons & Dragons, wanda aka fi sani da D&D, wasan labari ne da ake yi a kan tebur. Mutum huɗu zuwa shida ne kan zauna, ɗaya daga cikinsu ya zama jagora. Shi ne zai riƙa bayyana inda ake da abin da ke faruwa, kamar mai ba da tatsuniya, sai dai a nan masu sauraro ma suna da ta cewa. Kowannensu yana ɗaukar matsayin wani tauraro a cikin labarin, wani mayaƙi, wani matsafi, wani gwanin sata, ya kuma faɗi abin da tauraronsa zai yi.

Idan abin da yake son yi yana da haɗari, kamar haura katanga ko karawa da dodo, sai ya jefa ƙwayar wasa irin ta ludo, amma mai fuska 20. Lambar da ta fito ita ce za ta nuna ko ya dace ko ya sha ƙasa.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙiro wasan, kamfanin TSR da ke jihar Wisconsin ya fara buga shi a 1974. Masu kallon shirin Stranger Things na Netflix sun ga yaran cikinsa suna yin sa.

Abin lura shi ne, kayan wasan ba su da yawa. Takarda ce da fensir da ƙwayar jifa. Abin da ake sayarwa a zahiri littattafai ne: na ƙa'idoji, na dodanni, da na labaran da jagora zai bi. Saboda haka duk wanda ke wannan kasuwa mai buga littafi ne, kuma batun haƙƙin mallaka shi ne jinin jikin sana'arsa.

Zamanin kai ƙara kotu

A dokar Amurka, haƙƙin mallaka bai shafi tsarin yadda ake yin wasa ba. Abin da doka ke karewa shi ne kalmomin da aka rubuta tsarin da su, da zane-zane, da taurarin labari. A ƙa'ida, kowa na iya sake rubuta dokokin wasa da kalmominsa.

Sai dai a irin wannan wasa, raba ƙa'ida da labari ba abu ne mai sauƙi ba, domin a cuɗe suke. Bayanin ƙarfin wani dodo ƙa'ida ce ko ƙirƙira? Kotu ce kaɗai za ta iya yanke hukunci, kuma ƙaramin kamfani mai ma'aikata uku ba shi da kuɗin da zai biya lauyoyi har a kai ga hukuncin.

Kamfanin TSR ya san da wannan, ya kuma yi amfani da shi. Ya maka kamfanin Mayfair Games a kotu kan littattafan da yake bugawa masu dacewa da D&D. Ya kuma kai ƙarar kamfanin GDW kan wani sabon wasa da Gygax da kansa ya rubuta bayan ya bar TSR. Ko masoya wasan da ke ɗora abin da suka rubuta a intanet a farkon zuwanta ba su tsira daga wasiƙun gargaɗi ba.

Duk da wannan tsaro, kamfanin bai kai labari ba. Bashi ya yi masa katutu, rumbunan ajiyarsa suka cika da littattafan da ba su samu masu saye ba. A 1997 Wizards of the Coast, wanda ya yi kuɗi da wasan kati na Magic: The Gathering, ya saye shi. Bayan shekara biyu kuma katafaren kamfanin kayan wasan yara na Hasbro ya saye Wizards ɗin kan kusan dala miliyan 325.

Lissafin Ryan Dancey

Mutumin da aka damƙa wa ragamar D&D a sabon gidan shi ne Ryan Dancey. Da ya duba littattafan kuɗin TSR, sai ya lura cewa riba tana cikin manyan littattafan ƙa'idoji ne, musamman Player's Handbook, wanda kowane ɗan wasa ke buƙata. Ƙananan littattafan labarai kuwa jagora kaɗai ke saye, wato mutum ɗaya cikin biyar ko shida, ga tsadar shiryawa, ga ƙarancin riba. Amma kuma idan babu su, mutane za su rasa abin yi su bar wasan.

Sai ya kawo shawara: me zai hana a bar wasu su ɗauki wannan wahala? Duk wanda ya buga labarin da ke aiki da ƙa'idojin D&D, talla yake yi wa babban littafin, domin mai saye ba zai iya amfani da shi ba sai yana da littafin Wizards. Haka kuma, duk lokacin da aka samu ƙarin masu yin wasan, sabon shiga zai fi samun abokan wasa cikin sauƙi, shi ma ya sayi nasa littafin.

Dancey ya aro tunanin ne daga duniyar kwamfuta, inda manhajar Linux ta bunƙasa saboda an bar kowa ya duba ta, ya gyara, ya raba.

A shekarar 2000, tare da bugu na uku na D&D, aka fitar da lasisin Open Game License, wanda ake taƙaitawa da OGL. Ɗan gajeren rubutu ne da bai wuce kalma 900 ba. An haɗa shi da wani kundi da ake kira SRD, wanda ya ƙunshi ƙa'idojin da aka yarda kowa ya ɗauka.

Lasisin ya raba kaya gida biyu. Akwai buɗaɗɗen abu, wanda kowa zai iya kwafa, ya sauya, ya sayar, ba tare da neman izini ko biyan la'ada ba. Akwai kuma abin da ya zama shaidar kamfani, kamar sunayen taurari da garuruwa da zane-zane da wasu dodanni na musamman, waɗanda ba a taɓawa.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Mai ɗab'i zai buga lasisin a cikin littafinsa, ya lissafa waɗanda ya ɗebo daga wurinsu, ya kuma bar duk abin da ya gina a kan buɗaɗɗun ƙa'idoji a buɗe ga na bayansa. Sannan ba zai ambaci sunan D&D a matsayin talla ba sai da wata yarjejeniya ta daban. Wannan ne ya sa littattafai da yawa ke kewaye-kewaye a bangonsu, suna cewa sun dace da wasan da ya fi kowane shahara a duniya.

Babban abin da lasisin ya bayar shi ne kwanciyar hankali. Muddin ka bi sharuɗɗan, babu lauyan da zai ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Kaka ta yi kyau, sannan kasuwa ta cushe

Ba a ɗauki lokaci ba aka ga tasirinsa. A babban taron masu wasanni na Gen Con na watan Agustan 2000, inda aka ƙaddamar da bugu na uku, tuni wani ƙaramin kamfani mai suna Green Ronin ya iso da littafinsa Death in Freeport, kamfanin Atlas Games ma ya zo da nasa. Wani reshen kamfanin White Wolf ma har riga Wizards ya yi wajen fitar da littafin dodanni a wannan shekara.

Cikin shekara biyu zuwa uku, sababbin kamfanoni suka riƙa ɓullowa kamar jamfa a Jos. Duk mai kwamfuta da ɗan jari ya zama mai ɗab'i. Wasu suka ɗauki ƙa'idojin suka gina wasannin da ba su da alaƙa da takobi da tsafi, kamar Mutants & Masterminds na 2002, wanda ya shafi jarumai masu ƙarfi na ban mamaki irin na fina-finai.

Amma ƙofar da aka buɗe wa gwani, ita aka buɗe wa ɗan koyo. Kantuna suka cika da littattafai marasa inganci, masu saye suka kasa bambance tsaki da tsakuwa. A 2003 Wizards ya fitar da gyararren bugu mai lamba 3.5, nan take littattafan da aka buga don tsohon bugun suka zama kwantai. Masu kantuna suka yi asara, suka daina karɓar kayan ƙananan kamfanoni, da dama daga cikin kamfanonin suka rufe.

Darasin farko ke nan ga masu ɗab'i: lasisin ya ba su 'yancin shiga kasuwa, amma linzamin kasuwar yana hannun mai wasan.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi?

Matsala ta biyu ta fito ne daga ainihin alƙawarin lasisin. Idan buɗaɗɗen abu na kowa ne, to abin da ƙaramin kamfani ya rubuta ma na kowa ne.

Marubuci zai kwashe watanni yana tsara sababbin dodanni ko dabarun faɗa, ya biya mai zane da mai tace rubutu, ya buga. Bayan 'yan makonni sai ya tarar an ɗora ƙa'idojin a wani shafin intanet kyauta, ko wani kamfanin ya tattara su da na wasu ya fitar da littafi. Babu laifin da aka yi a idon doka, domin shi da kansa ya amince da hakan ranar da ya karɓi lasisin.

Ko Wizards bai tsira ba. Kamfanin Mongoose na Birtaniya ya ɗauki kundin SRD ya buga shi a matsayin ɗan ƙaramin littafi mai araha, ya sa a kasuwa kusa da na asali.

Wannan ya raba kan masu ɗab'i. Wasu suka fara dabara: sai su bar lambobi da lissafi a buɗe, amma su ayyana sunan kowane abu a matsayin shaidar kamfani, ta yadda wanda ya kwafa zai samu gangar jiki babu suna. Masu goyon bayan buɗewa suka ce wannan cin amanar tsarin ne, tunda su ma a kan kyautar wani suka gina nasu. Masu yin hakan kuma suka ce ba za su shuka wani ya girbe ba.

Sai dai abin da shekaru suka nuna ya bambanta da abin da aka ji tsoro. Kamfanin Paizo, wanda shi ne na biyu a girma a wannan kasuwa, ya bar dukkan ƙa'idojin wasansa a intanet kyauta. A 2018 ma ya amince da wani shafin masoya mai suna Archives of Nethys a matsayin ma'ajiyar ƙa'idojinsa ta hukuma. Duk da haka yana ci gaba da sayar da littattafai.

Masu wasan Eclipse Phase, wanda ya fito a 2009, sun ma wuce nan. Sun ba da izinin raba littafin dungurungum ga duk wanda ba sayarwa zai yi ba, kuma wasan ya ci kyaututtuka, aka yi ta sake buga shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wasan ba a yin sa mutum ɗaya. Wanda ya karanta ƙa'idoji kyauta ya ji suna burge shi, sai ya jawo abokai huɗu, a cikinsu kuma ba a rasa mai sayen littafi. Sannan abin da ke shafin kyauta tsurar ƙa'ida ce. Zane mai kyau, da labari, da taswira, da littafi mai bango da za a ajiye a kan tebur, duk sai an biya.

Amma wannan lissafi ya fi yi wa mai suna aiki. Wanda ba a san shi ba, kuma ƙa'idoji ne kaɗai hajarsa, shi ne ya fi jin jiki idan aka kwafe.

Ɗan da ya girmi ubansa a kasuwa

Babbar jarrabawar lasisin ta zo ne a 2008. Shugabannin da suka kawo shi sun bar Wizards, waɗanda suka gaje su kuma ba su gamsu da shi ba. Da za a fitar da bugu na huɗu, sai aka ajiye OGL gefe aka kawo wani lasisin mai tsauri, wanda kamfanoni da yawa suka ƙi sa wa hannu.

Paizo na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Lisa Stevens, tsohuwar ma'aikaciyar Wizards, ita ce ta jagoranci kafa shi a 2002 don buga mujallun D&D guda biyu, Dragon da Dungeon. A 2007 Wizards ya karɓe mujallun, kamfanin ya wayi gari babu babbar hajarsa.

Abin da ya cece shi shi ne tsohon lasisin. Tunda ƙa'idojin bugu na 3.5 a buɗe suke, sai Paizo ya ɗauke su, ya gyara, ya bar dubban masoya suka gwada kyauta suka ba da shawara, sannan ya fitar da su a watan Agustan 2009 da sunan Pathfinder.

Mutanen da ba su ji daɗin bugu na huɗu ba suka yi tururuwa zuwa can. Daga 2011 zuwa 2014, ƙididdigar mujallar kasuwanci ta ICv2 ta riƙa nuna Pathfinder a gaban D&D wajen ciniki a kantunan wasanni. Wato an kayar da mai wasa da ƙa'idojinsa.

A gefe guda kuma, wasu masoya sun yi amfani da lasisin wajen farfaɗo da tsofaffin bugun D&D na shekarun 1970 da 1980 da aka daina bugawa. Littafin OSRIC na 2006 na cikin na farko, kuma daga nan wata ƙaramar kasuwa mai zaman kanta ta tsiro.

Wizards ya ɗauki darasi. Bayan fitowar bugu na biyar a 2014, ya koma kan OGL a watan Janairun 2016. Ya kuma buɗe wata kasuwar intanet mai suna Dungeon Masters Guild, inda marubuci zai iya amfani da sunaye da garuruwan D&D kansu, amma ya karɓi rabin kuɗin ciniki kawai.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi albarka a tarihin wasan. Ƙananan kamfanoni suka samu sabuwar hanyar jari, wato karo-karo daga masu saye ta shafin Kickstarter tun kafin a buga littafi. A 2018 marubuci Matt Colville ya tara sama da dala miliyan 2 ta wannan hanya don littafin da ya dogara da OGL.

Yunƙurin lashe amai

Irin waɗannan kuɗaɗe ba su wuce idon Hasbro ba. A 2022 ya sayi shafin D&D Beyond, inda 'yan wasa ke biyan kuɗin wata-wata, kan dala miliyan 146.3. A watan Disambar shekarar, shugabar Wizards ta lokacin, Cynthia Williams, ta shaida wa masu zuba jari cewa ba a tatsar kuɗi daga D&D yadda ya kamata.

Daftarin da Gizmodo ya kwarmata, mai lamba 1.1, ya haura kalma 9,000. Ya tanadi cewa duk wanda cinikinsa ya wuce dala 750,000 a shekara zai biya kashi 25 cikin 100 na abin da ya haura wannan adadi, ko kashi 20 idan ta Kickstarter ya tara kuɗin. Wanda ya wuce dala 50,000 kuma zai riƙa kai rahoton cinikinsa.

La'adar a kan ciniki take, ba a kan riba ba. Kamfanin da ya tara dala miliyan 1 a kantuna zai biya dala 62,500 tun kafin ya cire kuɗin takarda da ɗab'i da jigila da albashi. A sana'ar da ribarta ba ta taka kara ta karya ba, wannan na iya cinye ribar baki ɗaya.

Daftarin ya kuma bai wa Wizards damar amfani da duk abin da wani ya rubuta a ƙarƙashin lasisin ba tare da biyansa ba, da damar sauya sharuɗɗa ko soke yarjejeniya bayan sanarwar kwana 30. Ya taƙaita izinin ga littattafai na takarda da na karantawa a na'ura, abin da ya jefa masu manhajojin yin wasan ta intanet cikin zulumi. Mafi muni a wurin masu ɗab'i, ya ayyana tsohon lasisin a matsayin wanda ba ya aiki.

A nan ne aka koma kan kalma ɗaya. Tsohon lasisin ya ce izinin na har abada ne, amma bai fito fili ya ce ba za a iya soke shi ba. Dancey ya fito ya ce ba a taɓa nufin bai wa kamfanin wannan iko ba. Masoya kuma suka tono wani tsohon bayani da Wizards ya wallafa a shafinsa, inda ya ce ko da an sauya lasisin, mutum na iya ci gaba da amfani da tsohon.

Kamfanin ya kare kansa da cewa yana son hana amfani da wasansa wajen yaɗa ƙiyayya, da hana masu kasuwar NFT, da kuma hana manyan kamfanoni cin riba da dukiyarsa kyauta. Ya ce waɗanda la'adar za ta shafa ba su kai 20 ba a duniya.

Bayanin bai gamsar ba. Sama da mutum 60,000 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa, 'yan wasa kuma suka fara soke rajistarsu ta D&D Beyond, inda abin zai fi yi wa kamfanin ciwo. A ranar 12 ga Janairu, Paizo ya ce a shirye yake ya je kotu, ya kuma sanar da cewa zai ɗauki nauyin rubuta sabon lasisi mai suna ORC wanda ba mallakar kowane kamfani ba ne. Lauyan da ya jagoranci aikin, Brian Lewis, shi ne ya tsara tsohon OGL lokacin yana Wizards. Kamfanoni irin su Kobold Press da Chaosium da Green Ronin suka mara baya, kafin a jima adadin ya haura 1,500. Paizo ya ce littattafan Pathfinder da ya tanada don wata takwas sun ƙare cikin mako biyu.

Wizards ya nemi afuwa, ya kawo sassautaccen daftari, ya nemi jin ra'ayin jama'a. Sama da mutum 15,000 suka amsa. Kashi 88 cikin 100 suka ce ba za su wallafa komai a ƙarƙashinsa ba, kashi 89 kuma suka nuna rashin amincewa da soke tsohon lasisin.

A ranar 27 ga Janairu kamfanin ya miƙa wuya. Ya bar OGL yadda yake, ya kuma saki kundin SRD na bugu na biyar a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, dangin lasisin da Wikipedia ke amfani da shi, har da ta Hausa. Wannan lasisi ba na Wizards ba ne, kuma a rubuce yake cewa ba a soke shi. Sharaɗinsa ɗaya ne, a ambaci mai asalin aikin.

Wanda maciji ya sara

Nasarar ba ta mayar da hannun agogo baya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

An kammala lasisin ORC a tsakiyar 2023. Paizo ya sake rubuta manyan littattafan Pathfinder guda huɗu, ya tsame duk wani suna ko dodo da ya samo asali daga kundin Wizards, aikin da ya ci lokaci da kuɗi. Kobold Press ya fitar da nasa wasan, Tales of the Valiant. Kamfanin Colville, MCDM, ya tara sama da dala miliyan 4 don wasan da ba ya jingine da D&D, wanda daga baya aka sa wa suna Draw Steel. Masu shirin Critical Role, waɗanda suka taka rawa wajen shaharar D&D a intanet, su ma sun fitar da nasu mai suna Daggerheart a 2025.

Wato kamfanonin da a da ke yi wa D&D hidima, yanzu da yawansu kishiyoyinsa ne.

Akwai kuma asarar da ba a cika magana a kanta ba. A da lasisi ɗaya ne ya haɗa kusan kowa, ta yadda abin da wannan ya rubuta wancan zai iya ɗorawa a kai. Yanzu akwai OGL, akwai ORC, akwai Creative Commons, ga kuma lasisin da kamfanoni daban-daban suka rubuta wa kansu. Abin da aka wallafa a ƙarƙashin ɗaya ba ya komawa ƙarƙashin ɗayan sai da yardar mai shi. Sannan nau'in Creative Commons da Wizards ya zaɓa bai tilasta wa wanda ya ɗauka ya buɗe nasa ba, saboda haka mutum na iya ɗiba daga rijiyar jama'a ya rufe tasa.

D&D dai har yanzu shi ne kan gaba a kasuwa da tazara mai nisa. A 2024 ya cika shekara 50 da sababbin littattafai, kuma a watan Afrilun 2025 Wizards ya saki sabon kundin SRD mai lamba 5.2, shi ma a ƙarƙashin Creative Commons.

Idan aka duba shekara 25 ɗin nan, lokutan da wasan ya fi bunƙasa su ne lokutan da ƙofarsa ke buɗe, lokutan da ya fi shan wahala kuma su ne na 2008 da na Janairun 2023, duk lokutan da aka yi ƙoƙarin rufe ta. Rabon ƙa'idoji kyauta ya cutar da wasu ƙananan masu ɗab'i, amma bai kashe sana'ar ba. Abin da ya kusa wargaza ta shi ne gano cewa mai kyautar na iya dawowa ya ce a ba shi abinsa.

Shi ya sa a yau, kafin ƙaramin mai ɗab'i ya zuba jarinsa a kan ƙa'idojin wani, ba ya tsayawa kan abin da lasisi ya ba shi damar ɗauka. Yana fara duba wanda ke riƙe da lasisin, da kuma ko an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba za a iya soke shi ba.